Littafin Sirajo

A Maiwurno, daren da aka ɗauke wuta karo na uku,
na tsinci littafin ƙanena ƙarƙashin gadon igiya.
Na lissafi ne, amma babu lissafi a ciki,
sai ɗakuna da ya tsaga da bakin rula,
kowane ɗaki da wani a ciki yana ihu.

Mujallun zane yake saye a kasuwar Sinnar,
tsofaffi, marasa bango, uku a farashin ɗaya.
Kullum shafin ƙarshe a yage yake,
wani ya ƙunsa gyaɗa da shi.
Da ya gaji da labaran da ba su da gindi
sai ya tattaro jaruman duka
ya zuba su a tukunya guda.

Ga Gamzaki mai sulken garwashi.
Ga 'yan bakwai daga Kaza-da-'ya'yanta,
ba sa magana sai a tare.
Ga wata mai jan wutsiyar tauraro kamar bulala,
ya ba ta hancina, ban yafe ba.
Shafi huɗu suna dambe da juna
a kan wa zai shige gaba,
kamar ba su ga abin da ke tasowa daga gaɓar kogi ba.

Matattu ne.
Ba likkafani, kowa da kayan da ya fita da su:
mai jallabiya, mai rigar makaranta,
wata da tiren shayi har yanzu a hannunta.
Ba sa gudu, ba sa cizo.
Gari kawai suka nufa.

Kaka ta taɓa leƙawa ta yi tsaki:
"Wanda ya kwanta dama ba ya tashi
sai an busa ƙaho. Yaro, nemi aikin yi."
Bai tanka ba. Ya ƙara musu yawa.

Gamzaki ya yi aman wuta, suka ratsa ta.
'Yan bakwai suka jefo dutse daga bayan wata,
ƙura ta lafa, suna nan tafe.
Mai bulala ta zauna a kan tankin ruwan asibiti
da kumfar magana bisa kanta:
"Yaya ake kashe wanda ya riga ka?"

Shafi na sha tara, kwalekwale ya shigo zanen.
Baba Tanimu ne mai fito,
da ƙusumbinsa, da haƙorin nan guda.
Ba shi da sulke. Ya kafa gora a laka,
ya dubi na gaba ya ce, "Dafa'allah, kai ne?
Uwarka ta neme ka har Madani."
Dafa'allah ya kwanta.
"Sakina mai shayi, ajiye tiren, an sha."
Ta ajiye.
Haka, ɗaya bayan ɗaya, suna da sunan uba,
jaruman sama suna tsaye, hannu rataye,
har Gamzaki ya tuɓe sulkensa ya karɓi shebur.

Saura mutum ɗaya.
Agogo a hannun dama, alƙalami a aljihu,
takalmi ƙafa guda.
Sirajo bai zana masa fuska ba,
ya goge wurin har takarda ta huje.
Na ɗaga shafin saitin fitila,
haske ya faɗo ta hujin a kan cinyata.

Babanmu ne kaɗai na sani
mai ɗaura agogo a dama.
Shekara biyu ke nan da ya ce, "Jibi zan dawo."

Kumfar bakin Baba Tanimu a buɗe take, fara fat.
Ɗakin ƙarshe ma babu kowa.

Sirajo ya juya cikin barci, igiya ta yi ƙara.
Na mayar da littafin yadda na same shi.
Fensirinsa ya dakushe;
na ɗauko reza zan feƙe masa,
sai na fasa.